Ƙibar Yara: Gado Ce Ko Cimar Gida? Tambayoyi da Amsoshi

A yawancin gidajenmu yaro mai kumatu abin alfahari ne. Ana cewa ya ji nono, uwarsa ta iya raino. A ƙasar da tamowa ke kwantar da yara wannan tunani yana da dalili, domin binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, waɗanda nauyinsu ya wuce kima kuwa kusan kashi 2 ne kawai. Sai dai a birane abin yana sauyawa, kamar yadda ya sauya a sauran duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, zuwa 2022 sun kai kashi 20, wato sama da mutum miliyan 390. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi a kan lamarin.

Yaya za a bambanta ƙiba da jikin lafiya?

Ido yana ruɗi, musamman idon uwa. Awo ne ke raba gardama. Ana auna nauyi da kilo, a auna tsawo da mita, sannan a raba nauyin da tsawon, a sake raba sakamakon da tsawon. Abin da ya fito shi ake kira BMI. Misali yaro namiji ɗan shekara 10 mai kilo 45 da tsawon mita 1.40: a raba 45 da 1.40, a sake raba sakamakon da 1.40, za a samu kusan 23. Ga babba 23 daidai ne. Ga ɗan shekara 10 kuwa ƙiba ce, domin a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya matsakaicin sa'anninsa yana wajen 16 da rabi, nauyi ya fara wuce kima daga 18 da rabi, ƙiba ta fara daga wajen 21 da rabi. Kuskuren da aka fi yi ke nan, a ɗauki ma'aunin manya a gwada wa yaro. Yara maza da mata jadawalinsu daban ne, kuma kowace shekara da iyakarta.

Ga 'yan ƙasa da shekara 5 ana gwada nauyi ne da tsawo a kan jadawalin girma na asibiti. Awo ɗaya ba ya faɗin komai sosai. Abin dubawa shi ne layin awon wata da watanni: idan ya bar hanyarsa yana tsallake layuka yana hawa, a nan ake fara tambaya.

Akwai gwaji mai sauƙi na gida ga yaron da ya kai shekarun makaranta. A auna tsawonsa da igiya, a ninka igiyar biyu, a zagaya ta a cikinsa saitin cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Ɗana ya kumbura cikin makonni kaɗan, fuska da ƙafa. Ƙiba ce?

Mai yiwuwa ruwa ne, kuma wannan na gaggawa ne. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku a saki. Idan rami ya zauna a wurin, kumburi ne. Tamowa mai kumburi tana kawo haka, ciwon ƙoda ma yana kawowa, wanda sau da yawa yakan fara da kumburin fatar ido da safe. Kitse ba ya taruwa a mako biyu, kuma ba ya barin rami. A kai shi asibiti a ranar.

Da gaske ne ƙiba gado ce?

Ƙwarai kuwa, kuma rabon gado a ciki ya fi yadda mutane ke zato. Matsalar da masu bincike suka fara fuskanta ita ce iyaye suna ba ɗa jini, suna kuma ba shi tuwo, to yaya za a raba biyun? Sai suka juya ga 'ya'yan riƙo da tagwaye. A 1986 Albert Stunkard da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan mutum 540 da aka riƙe tun suna ƙanana a ƙasar Denmak. Jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka raine su ba. A 1990 suka sake duba tagwayen ƙasar Suwidin da aka raba aka raine su a gidaje daban, aka tarar tagwaye masu kama ɗaya nauyinsu ya yi kusa da juna ko da ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba.

A wani binciken Kanada da aka wallafa a wannan shekarar dai, Claude Bouchard ya tara samari tagwaye masu kama ɗaya guda 12, wato mutum 24, aka riƙa ƙara musu kalori 1000 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a kan abincinsu kwana shida a mako, har tsawon kwana 100. Kowa ya ƙara nauyi, amma wani kilo 4 da ɗoriya ya ƙara, wani sama da 13, alhali ƙarin abincin ɗaya ne. Kuma kowane tagwai abin da ya ƙara ya yi kusa da na ɗan'uwansa.

Idan aka haɗa irin waɗannan bincike, ana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 70 cikin ɗari na bambancin nauyi tsakanin mutane daga gado ne. A lura da kalmar bambanci. Ba ana nufin kashi 70 na kitsen yaro daga iyaye ya zo ba. Ana nufin idan yara suna rayuwa iri ɗaya, gado ne babban dalilin da ya sa wani ya yi ƙiba wani bai yi ba.

To mene ne ainihin abin da ake gada?

Galibi yunwa ake gada. Mutane suna zaton wai jikin mai ƙiba ba ya ƙona abinci, amma yawancin ƙwayoyin gadon da aka gano suna da alaƙa da ƙiba a ƙwaƙwalwa suke aiki, a sashen da ke sanar da mutum ya ji yunwa ko ya ƙoshi. Kitsen jiki yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a 1994, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin yawan ajiyar da ke jiki. Wasu yaran wannan saƙo yana isa da ƙarfi, suna ture kwano da kansu. Wasu kuwa yana isa a raunane, sai ka ga yaro ya gama nasa yana leƙen na ƙaninsa, ko ya ji ƙamshin suya ya kasa zama. Jane Wardle a Landan ta nuna cewa wannan bambanci na saurin ƙoshi da son abinci ana ganinsa tun jarirai suna kan nono, kuma gado yana da babban rabo a ciki.

Wannan ya kamata ya sauya yadda ake kallon yaron. Wanda ake kira acici ko mai haɗama sau da yawa yunwar gaske yake ji, ba rashin tarbiyya ba ne.

Ƙwayoyin gadon da ke da hannu ɗaruruwa ne, kowace tana ƙara ɗan kaɗan. Wadda ta fi shahara ita ce FTO, da aka gano alaƙarta da ƙiba a 2007. Babban da ya gaji nau'inta mai ƙara nauyi daga uwa da uba duka, a matsakaici kilo 3 kawai ya fi wanda bai gada ba. Shi ya sa babu wani gwajin jini da zai gaya wa iyaye tabbas ɗansu zai yi ƙiba. Duban dangi ya fi wannan gwaji amfani, kuma kyauta ne.

Idan gado ne, me ya sa kakanninmu ba su yi fama da ita ba?

Domin iri ɗaya ne ake shukawa a fako ya tsumbure, a shuka shi a fadama ya yi tozo. Ƙwayoyin gado ba su sauya cikin shekara 30 ba, abinci da zirga-zirga ne suka sauya.

Hujja mafi kusa da mu daga Gana take. Wani babban bincike mai suna RODAM, da aka wallafa a 2016, ya auna 'yan Gana mazauna ƙauye da mazauna birni da waɗanda suka yi hijira zuwa Amstadam da Balin da Landan. Mata masu ƙiba a ƙauye kusan kashi 8 ne cikin ɗari, a biranen Gana kusan kashi ɗaya cikin uku, a Landan sama da rabi. Haka ƙabilar Pima: waɗanda ke Arizona a Amurka suna cikin mutanen da ƙiba da ciwon suga suka fi addaba a duniya, 'yan'uwansu da ke noma a tsaunukan Meziko kuwa abin bai kai ko kusa ba. Manya aka auna a waɗannan bincike, amma ma'anar ta shafi yara kai tsaye. Yaron da ya gaji yawan jin yunwa, idan kiwo yake zuwa yana cin tuwon dawa da miyar kuka, gadon zai iya ɓoyewa har tsufansa. Idan mota ke kai shi makaranta, da lemo a jaka da kuɗin tara a aljihu, zai bayyana kafin ya gama firamare.

Akwai ƙibar da gado ne zalla?

Akwai, amma ba ta da yawa. A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila, cikinsu akwai Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi, suka bayyana wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya 'yan asalin Pakistan da jikinsu ba ya yin leftin kwata-kwata. Ƙwaƙwalwarsu kullum tana ɗauka ana cikin fari, ba sa ƙoshi. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, cin ya ragu, nauyin ya sauka. Wanda ya fi wannan yawa shi ne lahani a ƙwayar gado mai suna MC4R, da ake samu a kusan kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na yaran da matsananciyar ƙiba ta kama tun suna ƙanana.

Akwai kuma larurori da ƙiba ɗaya ce daga alamominsu. A larurar Prader-Willi jariri yakan zo laɓo-laɓo, ba ya iya kama nono sosai, kuka ba ƙarfi, sai bayan 'yan shekaru abin ya juye ya zama cin da ba iyaka, tare da gajarta da jinkirin fahimta. A larurar Bardet-Biedl ana ganin cindo, da dundumi da ke ƙaruwa har ya taɓa gani, da matsalar ƙoda.

Abin da zai sa a nemi likitan yara ya bincika wannan ɓangare shi ne ƙiba mai tsanani da ta fara kafin shekara 5, yaron da ke kuka da neman abinci ko yanzu ya gama ci, mai tashi da dare yana buɗe tukunya, mai jinkirin tafiya ko magana. Idan iyaye auren zumunci suka yi a gaya wa likita, domin wasu daga cikin waɗannan larurori, irin rashin leftin da Bardet-Biedl, sai yaro ya gaji lahanin ta ɓangaren uwa da uba duka suke bayyana.

Abin da ya faru lokacin ciki da goyo yana da tasiri?

Yana da shi, kuma nan ne gado da muhalli suke cakuɗewa har a kasa raba su. Uwar da ke da ciwon suga na ciki wanda ba a kula da shi ba, sugan jininta yana ratsawa zuwa ɗan tayi, jikinsa ya ƙara fitar da insulin, sinadarin da ke sarrafa suga a jini, ya tara kitse. Shi ya sa ake haifar jarirai masu kilo 4 ko fiye, haihuwa ta yi wuya, kuma haɗarin ƙiba ya bi su. Gwajin suga a wajen awon ciki, tsakanin mako 24 zuwa 28, don wannan ake yinsa. Ƙibar uwa kafin ciki da shan taba lokacin ciki su ma suna ƙara haɗarin.

Yunwa ma tana barin tabo. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 an yi matsananciyar yunwa a yammacin Holan saboda yaƙi. Da aka auna samarin da ke ciki a lokacin bayan sun kai shekara 19, waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran yawan ƙiba. A Keneba ta ƙasar Gambiya kuma an nuna cewa lokacin da aka ɗauki ciki, damina ko rani, yana barin alama a kan yadda wasu ƙwayoyin gadon jariri ke aiki, saboda abincin uwa ya bambanta a lokutan biyu.

Bayan haihuwa, shawarar ita ce nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Jaririn da ke kan nono zalla ko ya yi ɓul-ɓul ba a rage masa nono. Inda matsala take shi ne madarar gwangwani da ake zuba mata gari fiye da ma'aunin da aka rubuta, ko a zuba kunu da suga a bulunboti, ko a dage sai ya shanye alhali ya kau da kai. Kau da kai da sakin nono da rufe baki su ne maganarsa ta na ƙoshi.

Yaron da ya taɓa yin tamowa zai iya yin ƙiba daga baya?

Zai iya. Jaririn da aka haifa ƙarami ko yaron da ya tsumbure, idan daga baya ya samu abinci mai yawan mai da suga, nauyi yakan riga tsawo dawowa, kitsen ya taru a ciki. Shi ya sa a gida ɗaya za a iya samun uwa mai ƙiba da ɗa mai tamowa. Wannan ba dalili ba ne na rage wa mai tamowa abincin magani da asibiti ta ba shi. Ya gama maganinsa tsaf, sannan a koma ga abinci mai gina jiki irin wake da ƙwai da gyaɗa da kifi da ganye.

Ba zai zube da kansa ba idan ya girma?

Na jarirai yakan zube. Jiki yana cika har wajen shekara 1, yaro ya fara tafiya ya miƙe, ya kai ƙarshen sirantarsa wajen shekara 5 zuwa 6, sannan ya sake fara cika a hankali. Wanda bai yi wannan miƙewa ba, ko ya fara cika tun yana shekara 3, shi ne abin lura. Wani bincike a Jamus da aka wallafa a 2018, wanda ya bi dubban yara, ya gano cewa matasa masu ƙiba mafi yawan hauhawar nauyinsu tsakanin shekara 2 zuwa 6 ta faru, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ke da ƙiba a shekara 3 sun kai ƙuruciyar balaga da nauyi fiye da kima. Daga matasa masu ƙiba kuma kusan kashi 80 suna shiga girma da ita.

Wane abinci ne ya fi kawo ta? Tuwo ne?

Tuwo ba shi ne babban mai laifi ba. A fara duba abin sha. Lemon kwalba irin na kola yana ɗauke da kusan giram 10 na suga a kowane mililita 100. Ƙaramin cokalin shayi giram 4 ne. Ke nan roba mai santilita 50 ta kai kusan cokali 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana, ƙasa da kashi 5 ya fi, wanda ga babba ma kusan cokali 6 ne. Illar suga a ruwa ita ce ba ya ƙosarwa: yaro zai shanye roba guda ya kuma ci abincinsa cif. Lemon kwali da aka zana wa 'ya'yan itace, da maltina iri-iri, da yogot mai zaƙi, duk layi ɗaya suke. Na gida ma ba su tsira ba. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da shayin madara mai kauri, idan aka ɗura musu suga, jiki ba ya tambayar a ina aka haɗa su.

Na biyu mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne. Fanke, cincin, wainar fulawa, soyayyen dankali, awarar da aka soya aka sake soyawa da ƙwai, duk suna shan mai. Taliyar leda ta yara an riga an soya ta a masana'anta kafin ta zo hannu, idan aka sake soya ta da mai an ninka ke nan.

Na uku ciye-ciyen tsakanin abinci, biskit da alawa da cakulan, wanda ba wanda ke lissafa shi. A wani gwaji da Kevin Hall ya yi a Amurka a 2019, manya 20 da aka ba abincin masana'anta sun riƙa cin kusan kalori 500 a rana fiye da lokacin da aka ba su dafaffen abinci na asali, ba tare da sun lura ba.

Barci da waya fa?

Ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, kuma yaron da bai yi barci ba ba ya wasa. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a kwana, har da na rana. Ɗan 3 zuwa 4, awa 10 zuwa 13. Ɗan firamare awa 9 zuwa 12. A lissafa: yaron da ake tasa ƙarfe 5 da rabi, ya je boko, ya wuce Islamiyya, ya dawo ya yi aikin gida, ya kwanta ƙarfe 11 bayan kallo, awa 6 da rabi ya samu.

Game da waya da talabijin, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce babu kallo ga ɗan ƙasa da shekara 2, ga ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1. Mafi muni shi ne ci ana kallo, domin hankali ba ya kan ciki, ƙoshi ya zo ya wuce ba a ji ba. Daga shekara 5 zuwa 17 ana son aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa numfashi ya ɗaga. Ƙwallo, langa, tsallen igiya, 'yar gala-gala, keke, tafiya makaranta a ƙafa, duk sun isa. 'Yan mata ne aka fi tauyewa a nan da zarar sun fara girma, don haka a samar musu fili a cikin gida. Sai dai a sani, motsa jiki shi kaɗai da wuya ya rage ƙiba idan abin sha da ciye-ciye suna nan.

Shin ba wata cuta ce a jikinsa ba, ko magani?

Likitoci suna da wata alama mai sauƙi: tsawo. Yaron da ƙibarsa ta abinci ce yawanci dogo ne a cikin sa'anninsa. Wanda ke ƙara nauyi amma tsawonsa ya tsaya, shi ake bincika wa ƙarancin sinadarin tayirod na maƙogwaro ko yawan sinadarin kotisol. Irin wannan kaɗan ne cikin masu ƙiba.

Magani kuwa ya fi yawa. Wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali suna ƙara nauyi, kuma ba a dakatar da su sai da likita. Wanda ya fi damun ma'aikatan lafiya shi ne na kemis da ake ba yaro da gangan don ya yi jiki, irin su sha-ka-fashe. Yawanci ɗayan biyu ne a ciki: sifuroheftadin mai buɗe ciki da sa barci, wanda ke cikin ruwan magani irin Apetamin, ko deksametazon da firednisolon. Na biyun suna kumbura fuska ta yi zagaye, su tara kitse a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, tsawo ya tsaya, garkuwar jiki ta faɗi. Idan yaro ya ɗauki makonni yana shan deksametazon ko firednisolon, kada a yanke rana ɗaya, domin jikinsa ya daina yin nasa sinadarin kotisol kuma zai iya suma. A kai shi asibiti da kwalin maganin a rage masa a hankali.

Waɗanne alamomi ne ke nuna ƙibar ta fara yin illa?

Baƙi mai kauri da laushi a bayan wuya ko hammata, wanda iyaye ke ɗauka dauɗa ce su yi ta dirza da soso. Ba ya fita, domin alamar jiki ya fara bijire wa insulin ne, kuma yana buƙatar gwajin suga. Sai minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci da gyangyaɗi a aji. Sai yawan ƙishi da fitsarin dare. Sai ɗingishi ko ciwon ƙugu ko gwiwa ga mai shekara 10 zuwa 15, wanda kan iya zama kan ƙashin cinya ne ya zame, kuma wannan ba na ɗori ba ne, hoton ƙashi ake yi da gaggawa. Ga 'yan mata, rikicewar al'ada da fitowar gashi a fuska. Hawan jini da kitsen hanta ba sa nuna alama, sai an auna.

Me za mu yi a gida, daga ina za a fara?

Gidan ake gyarawa, ba yaron ake sa wa takunkumi ba. Binciken Moria Golan a Isra'ila ya nuna cewa idan iyaye kaɗai aka koyar suka sauya tsarin gida, sakamakon ya fi na lokacin da aka sa yaran a gaba. Yaron da ya gaji yawan yunwa ba zai iya yin haƙuri da katan ɗin lemo a firji ba, babba ma da ƙyar.

A fara da abu ɗaya, abin sha. A daina sayen lemo a ajiye, ruwa ya zama na kullum, sugan koko da shayi a rage rabi cikin mako biyu har harshe ya saba. Bayan wannan ya zauna a tsara lokaci: abinci uku da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, tsakaninsu ruwa kawai. Abin taɓawar ya zama gwaiba, gwanda, kankana, lemon ɓawo a ci da ɓargonsa, dafaffen ƙwai, ɗan gyaɗa cikin tafin hannunsa, goruba. A kwano, rabi ya zama ganye da kayan lambu irin zogale, rama, alayyafo, kabeji, kabewa, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannun yaron, ba na babansa ba. A auna mai da cokali maimakon a tuttula daga galan. Idan ya nemi ƙari a ɗan jinkirta minti 15, in har yanzu yana so a ƙara masa miya da ganye da wake.

Iyaye ke zaɓar me za a ci da yaushe, yaro ke zaɓar ko ya ƙoshi. Kada a ce sai ya cinye, kada kuma a yi masa lada da alawa. Ganyen da ya ƙi a ci gaba da kawowa, yakan ɗauki sau 10 ko fiye kafin yaro ya karɓi sabon ɗanɗano.

Ga yawancin ƙananan yara ba a neman nauyi ya sauka. Ana so ya tsaya ko ya rage gudu tsawo ya cim masa. Awo sau ɗaya a wata ya wadatar.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Hana karin kumallo yana sa ya rama da rana a bakin makaranta. Dafa masa nasa daban alhali 'yan'uwa na cin soyayye yana koya masa ci a ɓoye. Tsokana da sunaye irin lukuti ko tumbi, ko da wasa ne, an nuna tana ƙara cin abinci, ba ta ragewa. Shayin rage ƙiba da maganin gudawa da ake tallatawa ruwa kawai suke zubarwa, kuma suna iya taɓa ƙoda da hanta.

Ɗaya mai ƙiba ne, ɗan'uwansa siriri. Kuma kakarsu ba ta yarda akwai matsala ba.

Kowane ɗa rabin ƙwayoyin gadon uwa da rabin na uba yake ɗauka, kuma ba rabi ɗaya suke ɗauka ba, don haka wannan ba abin mamaki ba ne. Tsarin abinci ɗaya za a yi wa duka. Siririn ma lemo da alawa suna cin haƙoransa.

Kaka kuwa ba a yi mata gardama a gaban jika. A tafi da ita awo ma'aikaciyar lafiya ta nuna mata katin da bakinta. Sannan a bar mata hanyar nuna ƙauna: ta ci gaba da ba shi tsaraba, sai dai tsarabar ta koma dabino biyu ko gwaiba ko rake. A gidan da ake girki bi da bi, ko yaro ke cin abinci ɗaki biyu, sai maigida ya shiga maganar a daidaita, in ba haka ba abincin dare biyu zai riƙa ci.

Akwai allura ko tiyata ga yara?

Akwai, ga kaɗan. A Amurka an amince da allurar semagulutayid ga masu shekara 12 zuwa sama a ƙarshen 2022, kuma ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar a 2023 ta ce ana iya duba magani daga shekara 12, tiyatar rage ciki daga 13 ga masu matsananciyar ƙiba, tare da gyaran abinci na iyali. Allurar tana aiki ne a kan yunwa, tana da tsada, tana kawo tashin zuciya da amai, kuma nauyi yakan dawo idan aka daina. An sha kama jabunta a kasuwannin duniya, don haka ba abin saye ta intanet ba ne. Ga wasu larurorin gado da aka tabbatar da gwaji akwai magani na musamman mai suna setmelanotayid da aka amince da shi a 2020. Duk waɗannan sai ta hannun likitan yara masanin sinadaran jiki, wanda a ƙasashenmu galibi a asibitocin koyarwa ake samu, kuma a je masa da katin awo na tun haihuwa da duk magungunan da yaron ya taɓa sha.